Gurbin da Ke Layin Rawa

Longsight, Manchester
Juma'a, farkon Oktoba

Ƙanwata Bethany,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya sanyin da ya fara leƙowa? Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi, sai gwiwata da ke min tsiya duk ranar da na yi dogon shift a gidan kula da tsofaffi. Baban Hajar yana gaishe ki, ko da yake tun da ya shiga rubutun digirin nan nasa sai dai mu ji labarinsa a jami'a can Oxford Road.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a jakar Hajar. Na gaji da kiran wayarki kullum a kashe. Kin ce ba a shiga ɗakin rawa da waya, saƙon muryata kuma kin ce ya fi wa'azin fastonku tsawo. To ga biro ga takarda. Duk Juma'a in za ta hau coach, doguwar motar nan ta Birmingham, zan sa mata, ke kuma ki ba ta amsa ranar Lahadi. Da Hausa za mu yi, don 'yar taki ba ta iya karanta ta ba, in ma ta buɗe sai dai ta kalla.

Na gode, Bethany. Kakata da kakarki uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma tun da mutanenmu suka sauko daga kan dutse, namu suka yi Bauchi suka musulunta, naku suka yi Jos da coci, zumunci ya zama na jin suna kawai. Da ba don bikin nan da muka haɗu a bara ba, da har yanzu ban san ina da ƙanwa a Birmingham ba, balle mai koyar da ballet. Ga shi kin ɗauki 'yata kina kwana da ita a flat ɗinki duk ƙarshen mako. Allah ya saka.

Amma fa ki ji. Wace irin rawa ce wannan da mutum zai tsaya a kan yatsun ƙafa har su yi jini? Na ga ƙafar yarinyar nan ranar Lahadi, sai da na kusa zuwa da kaina in ɗauko kayanta. Ita kuwa dariya take, wai haka ake farawa. Ki riƙa matsa mata ta ci abinci, kuma rigar nan mai dogon hannu da muka yi alkawari, kada ki bari a canja mata.

Yayarki,
Nana A'isha

Birmingham
Lahadi

Yaya Nana,

Na karɓi gaisuwa, ina kuma gaishe ki da Baban Hajar. Sannu da gwiwa. Ni lafiyata ƙalau, sai muryata da ta dusashe wajen yi wa yara ihu.

Ƙafar Hajar ba abin damuwa ba ne, takalmin ne sabo. Abin da ya kamata ki ji shi ne 'yarki tana da baiwa. Na daɗe ina koyarwa, Yaya, ban cika faɗar haka ba. In ta ɗaga hannu sai ki ga yaran da suka girme ta sun tsaya kallo.

Ga labari mai daɗi. Kamfaninmu na rawa ya ba ni dama in shirya wasa da yaran ajina a ƙarshen Nuwamba, na mutanenmu na nan. Kin san mu, in aka ce ballet sai a ce abin Turawa ne, ba mai sayen tikiti. Ina so in ga zauren nan cike da ɗankwali da babbar riga. In ya yi kyau, an ce za a kai shi gida, har Jos, kuma masu ɗaukar yara makarantar rawa za su zo kallo. Hajar na cikin waɗanda nake so su gani.

Don haka na ce ba zan ɗauko labarin Turawa ba. Na tuna wata rawa da na gani a ƙauyenmu na kan dutse ina ƙarama sosai, ranar da aka kai ni wurin Kaka. Na tuna gida cike da baƙi, an dafa abinci a manyan tukwane, sai mata suka jeru layi ɗaya suka fita. Suna jan ƙafar hagu a hankali, tafin hannu a buɗe kamar masu ɗauke da faifai, kowace ta kau da kai gefe. Ina jin rawar girbin acca ce. Ban ga ƙarshenta ba, mama ta ja ni ɗaki, amma takun bai taɓa fita daga jikina ba. Na ɗora shi a kan yatsun ƙafa, kuma Yaya, sai kin gani.

Abu ɗaya ne ke ba ni haushi. Duk yadda na jera su, da kiɗa ya fara sai ta ƙarshe da wadda ke gabanta su bar fili a tsakaninsu, daidai wurin mutum ɗaya. Na canja yaran, na manna alama a ƙasa, na yi faɗa. Haka dai. In na tambaye su sai su ce ba su san sun bari ba. Yara ke nan, za su gyaru.

Ƙanwarki,
Bethany

Longsight
Juma'a

Bethany,

Gaisuwa a gurguje, ina fatan murya ta dawo. Mu lafiya. Ina rubutu ne a tsaye a kicin, Hajar na ɗaura takalmi.

Ranar Talata na dawo daga kasuwar Longsight, na tarar da ita tana gwada rawar taku tsakanin firji da wurin wanke-wanke. Ta buɗe tafin hannu, ta kau da kai, tana jan ƙafa. Ledar tumatir ta suɓuce min. Ta tambaye ni lafiya, na ce ledar ce ta yage.

Na sake karanta wasiƙarki. Gurbin nan da kika ce yara suna bari, ba na son sa ko kaɗan. Ba na son in zo in gan shi, ba na son kowa ya gan shi. Ki yi yadda za ki yi ya ɓace, ko kuma ki bar rawar nan ki nemo wata, ai ba ta kaɗai ce rawa a duniya ba. Kada ki tambaye ni dalili yanzu. Akwai abin da nake so in tabbatar a wurin Gwaggo ta Bauchi, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda aka haifa a kan dutse, kuma wayarta ba ta shiga. Ba na son in buɗe baki in faɗi maganar da za ki yi min dariya.

Ki ba Hajar ƙwai da safe ko da ta ce ta ƙoshi.

Nana A'isha

Birmingham
Lahadi

Yaya Nana mai idon gani,

Ina gaisuwa. Murya ta dawo, yara sun shiga uku.

Ashe ke ma malamar rawa ce ban sani ba! Daga Manchester kin hango abin da ke ɓata min layi. Na yarda, gurbin nan muni ne da shi, kamar giɓi a baki. Amma batun in bar rawar bai taso ba, an riga an buga takardun talla.

Ki kwantar da hankalinki, na gyara. Jiya ina kallonsu sai na ce, tun da filin ya ƙi rufewa, me zai hana in cike shi? Na ciro Hajar daga tsakiya na sa ta a ciki. Yaya, kamar don ita aka auna. Sauran suna jan ƙafa sun kau da kai, ita kaɗai tana tafe a kan yatsu, fuskarta a gaba, hannuwanta a sake. Ban ma koya mata komai ba, ita ta san abin da za ta yi. Mai kaɗa mana piyano ya ce tsigar jikinsa ta tashi. Yanzu ita ce tauraruwar wasan, kuma ba wanda zai ga gurbi.

Tun da hutun rabin zango ya zo, na roƙi Baban Hajar a waya ya bar min ita har ƙarshensa, ya amince. Wannan takardar ta gidan waya za ta zo miki. In kin ji ni shiru, aiki ne.

Bethany

Longsight
Laraba, farkon Nuwamba

Bethany,

Ina gaishe ki don gaisuwa wajibi ce, amma ba lafiya ba.

Wasiƙarki ta yi ta yawo a hanya, ba ta iso ba sai da hutu ya kusa ƙarewa. Da na karanta na kira ki har hannuna ya gaji. Na ce ki kawar da gurbin, ban ce ki sa min 'ya a ciki ba! Laifina ne da na yi miki magana a dunƙule. Yanzu zan warware, ki yi dariyar in kin ga dama.

Wannan ba rawar girbi ba ce. Rawar rakiya ce. Na gan ta har ƙarshe ranar da aka binne yayan Kaka, ina jin ma ranar ce kika gani, shi ya sa kika tuna baƙi da manyan tukwane. Bayan maza sun dawo daga binnewa, mata ke jeruwa su raka mamacin daga ƙofar gidansa zuwa rafi. Filin da ake bari kusa da ta ƙarshe nasa ne. Shi ya sa ake kau da kai, ba a kallon mai gurbi. In an kai bakin ruwa sai a matso a rufe layi, a wanke ƙafa, a dawo gida ba waige. Daga ranar ba a ƙara kiran sunansa a gidan.

Ni mai salla ce, Bethany, na san rai da mutuwa a hannun Allah suke. Na yi ta gaya wa kaina al'adar mutanen da ce kawai. To ki ji abin da ya faru tun dawowar Hajar.

Ranar Lahadi na je tasha tarbarta. Na tsaya a bakin coach ina kallon masu sauka ɗaya bayan ɗaya har mota ta zama wayam. Na ɗauko waya zan kira ki, sai na ji an taɓa gwiwar hannuna. Ta ce tun ɗazu tana tsaye a gabana tana min magana. 'Yar da na haifa.

Litinin makaranta suka bugo wai ba ta zo ba. Tana zaune a aji, a kujerarta, malamar ta kira suna ta tsallake ta. Jiya na zuba abinci faranti biyu, ni da babanta muka ci muka ƙoshi muna hira, sai da na tashi kwashe kwanuka na gan ta a ƙarshen tebur ta haɗa hannu. Na shiga banɗaki na yi kuka har na gode Allah.

Na kai ta wurin GP, likitanmu na unguwa. Ya auna ta ya ce lafiyarta ƙalau, amma kafin mu fita ya dube ni ya ce, “To me ke damun ki yau?” Ya manta wa ya duba.

Abin da ya fi tsorata ni ita kanta ba ta damu ba. Na tambaye ta me take ji in tana cikin layin nan. Ta ce, “It's quiet there, Mum, akwai shiru a can. Ba mai kallona, amma duk inda na nufa nan suke zuwa.” Tana murmushi ta faɗa.

Ba za ta ƙara zuwa Birmingham ba. Ina mata tofi safe da yamma, na ɗaura mata ƙaramar ƙararrawa a jaka don in riƙa jin motsinta. Ki nemi wata tauraruwar.

Nana A'isha

Birmingham
Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma duba Hajar. Ni dai ga ni nan.

Da farko fushi na yi. Na ce ke da masallaci, ni da coci, a ce muna zaune a Ingila muna tsoron fili a tsakanin yara biyu? Na ce kin gaji ne, shift ya yi miki yawa, kuma dama can ba kya son rawar. Na fara rubuta miki amsa mai zafi, sai na yaga.

Don akwai abin da ban gaya miki ba. A cikin hutun, wata rana da la'asar muka tashi daga aiki, na kashe fitilu, na kulle ɗakin rawa, na tafi. A hanya na tsaya na sayi abinci. Sai da na hau bas na duba leda na ga na sayo na mutum biyu, na zauna ina tunanin wa na saya wa. Na sauka na koma da gudu. Tana tsaye a tsakiyar ɗakin, daidai inda gurbin yake, ko zama ba ta yi ba. Na ce mata me ya sa ba ta buga ƙofa ba, ta ce ta ɗauka za mu dawo mu ci gaba. Na ɗora wa gajiya laifi, na roƙe ta kada ta gaya miki.

Yau muka yi gwaji ba ita. Na ce to, tun da ba ta nan, mu rufe layi. Yaya, gurbin yana nan. Kuma ba irin na da ba ne da ke tsaye wuri ɗaya. Inda Hajar ta saba juyawa, yaran sai su buɗa. Inda ta saba miƙa hannu, ta gefen sai ta sunkuya. Suna ba ta hanya alhali tana Manchester. Na tsayar da kiɗa na ce, wurin wa kuke bari? Suka dubi juna. Wata ƙarama ta ce, “Na yarinyar nan ce, Miss.” Na ce wace yarinya? Ba wadda ta iya kawo sunan. Yaran da suka yi wata biyu suna cin abinci tare da ita.

Na je wurin shugabar kamfani na ce ina so in soke wasan. Ta ce in kawo dalili, sai na juyo na fito. Amma in sokewa ce maganin, gobe zan soke, su kore ni in sun so.

Ni na ɗauko abin da ban san kansa ba na ɗora wa 'ya'yan mutane, ina ta murna wai na kawo gida Birmingham. Ki yafe min. Ki samu Gwaggo ko ta halin ƙaƙa, ki tambaye ta yadda ake fitar da mutum.

Bethany

Longsight
Talata

Ƙanwata,

Na amsa gaisuwa. Batun yafiya ki bar shi, ni da ke duk rabin abu muka sani.

Kada ki soke. Ajiye ta a gida da na yi bai yi magani ba, ƙara lalacewa abin ya yi. Ta daina cin abinci sai an tuna an ba ta, mu kuma ba kullum muke tunawa ba. Da safe sai in same ta a bakin ƙofa, ta sa takalmin rawa, tana fuskantar waje. Na ce me kike jira, ta ce, “Sun tsaya a hanya, Mum, ba su ƙarasa ba.” Shekaranjiya wata maƙwabciya ta tambaye ni ko Allah ya ba mu haihuwa. Babanta yana tsaye ya buɗe baki zai amsa, sai na ga ya tsaya yana tunani.

Na samu Gwaggo ta wayar jikarta. Da na kwatanta mata takun sai ta yi salati ta ce wa ya koya mana. Ta ce rakiya in an fara ba a barin ta a hanya, mai gurbi haka zai yi ta tsayuwa, ba ya nan ba ya can. Na ce to a ƙarasa. Ta ce in aka kai ruwa aka rufe layi da yarinyar a ciki, an raka ta ke nan. Na ce Gwaggo, to yaya za a yi? Ta ce ta taɓa ji a bakin tsofaffi cewa gurbi ba ya sakin mai shi sai wani ya shiga da ƙafarsa, ana cikin tafiya, ya ture shi waje, sannan a ƙarasa da wanda ya shiga. Na ce shi kuma me zai same shi? Ta ce, “Ke Nana, wa zai tuna balle ya ba da labari?”

Ga abin da na yanke. Zan sa Hajar a coach ranar Juma'a, na rubuta sunanta a tafin hannuna, ke ma ki rubuta a naki don kada ki wuce ta a tasha. Ni ba su ba ni Juma'a a wurin aiki ba, amma Asabar da sassafe ina Birmingham, kafin wasan. Ki tara yaran, ki nemo mana inda ruwa ke gudu. An ce garinku duk hanyoyin ruwa ne. Ni zan shiga. Ba sai na iya tsayawa kan yatsu ba, tafiya ce, kuma gwiwata za ta kai ni.

Ban gaya wa babanta ba. Kada ki yi min musu, ba ki da 'ya, ba za ki gane ba.

Yayarki,
Nana A'isha

Birmingham
Lahadi, bayan wasa

Yaya Nana,

Ina gaisuwa. Ina fatan kun isa gida lafiya. Ni lafiyata ƙalau, ba inda ke min ciwo.

Na san kin zo jiya da sassafe kina nemana, kin ji haushi ba ki gan ni ba. Ina nan, Yaya. Ina tsaye kusa da ke a wurin teburin shayi. Na gaishe ki, kika ce “sorry” kika matsa min in wuce. Kin yi kyau a shuɗin mayafin nan.

Kin ce kada in yi miki musu, ban yi ba. Ranar Juma'a da rana, da Hajar ta iso, na ce wa yaran za mu fita mu gwada rawar a waje. Akwai hanyar ruwa a bayan ɗakin rawarmu, inda ƙananan jirage ke wucewa. Muka jeru tun daga ƙofa. Ba kiɗa, amma ba wadda ta ɓata taku. Hajar na cikin gurbi tana tafe kamar ba ta taɓa ƙasa. Da muka hango ruwa na cire takalmina na shiga, na sa kafaɗa na ture ta. Nauyi gare ta kamar buhun masara, yarinyar da nake ɗagawa da hannu ɗaya. Ta faɗi a kan ciyawa ta fashe da kuka, ta ce ta buge gwiwa kuma yunwa take ji. Ban taɓa jin kuka mai daɗi irin wannan ba.

Muka ƙarasa. A bakin ruwa yaran suka matso suka rufe layi, ba wanda ya ce su yi. Suka tsoma ƙafa suna ihun sanyi, suka juya suka koma da gudu, Hajar a tsakiyarsu. Ba wadda ta waiga.

Kin ce ba ni da 'ya. Gaskiya ne. Shi ya sa.

Kin ga wasan da idonki. Layi a rufe, ba fili, Hajar ta yi nata juyin a gaba inda kowa zai gan ta. Kin ji guɗar da matan nan suka yi? A zauren ballet, Yaya! Ɗankwali ko'ina, har da wani tsoho da ya miƙe yana ɗaga sanda. Na ga mutanen makarantar rawa sun tsaya da ke a ƙofa. Ki amsa musu, kada ki yi mata rowar wannan.

Shugabarmu ta hau ta gode wa kowa, har da mai gyaran fitila. Ba da gangan ta tsallake ni ba. Da aka tambaye ta wa ya shirya rawar, sai ta dafa goshi tana dariya, ta ce sunan yana bakinta.

Hajar ba ta yi ƙarya ba, akwai shiru a nan, kuma ba shi da muni yadda kike tsammani. Yau na je coci, wurin zamana yana nan, ba wanda ya zauna a kai, ba wanda kuma ya miƙo min hannu lokacin gaisuwa. Na yi waƙata na fito. Zan sa wannan a akwatin gidan waya, don shi ba ruwansa da ganin mutum.

Ki sumbaci Hajar. Ki ce ta riƙa sauke kafaɗa in za ta juya.

Ƙanwarki,
Bethany

Longsight
Litinin, Disamba

Bethany, Bethany, Bethany,

Na rubuta sau da yawa don in riƙe shi. Ina gaishe ki, ƙanwata. Kina cin abinci? Akwai mai sayar miki in kin tsaya a layi?

Hajar lafiya lau. Ta cika mana gida da surutu, tana cinye duk abin da na dafa, jiya har faɗa muka yi a kan kwanukan da ta bari. Makarantar rawa sun rubuto sun ba ta wuri. Babanta sai nuna wa mutane takardar yake.

Na rubuta miki wasiƙa wancan makon na ba Hajar ta kai, da ta je ganin makarantar. Ta dawo min da ita, ta ce ta tsaya a ƙofar flat ɗin ta rasa wa ta zo nema. Na kira Gwaggo in gaya mata abin da kika yi, ta ce wace ce haka a danginmu. Na fara yi mata bayani, na kai tsakiya sai maganar ta kuɓuce min, muka koma hirar tsadar gero.

Ina jin haushinki, wallahi ina ji. Wurina kika shiga. Amma ko haushin ma ba ya zama, sai in tashi da shi da safe, kafin azahar in ji raina a ɓace ban san da wa nake ba. Fuskarki ta tafi. Na san kina da wata dariya da nake tsokanarki a kanta, na neme ta na rasa.

Ba zan bar ki a can ba. Na share ƙaramin ɗaki, na shimfiɗa gado. Babanta ya tambaye ni baƙo za mu yi, na ce 'yar gida ce. In ba za mu iya ganin ki ba, aƙalla ki zauna inda za a riƙa zuba faranti huɗu. Na gaya wa Hajar in ta ga na rage ɗaya ta ƙara, ko da ba ta san na waye ba.

Na sayi tikitin Asabar, coach ɗin safe. Ki haɗa kayanki ki zo tasha, ki tsaya dab da ƙofar motar inda ba yadda zan yi sai na bi ta gabanki. Zan duba iyakar iyawata. In kika ga na wuce ki, kada ki tsaya gaisuwa, kada ki ji kunyar mutane. Ki damƙi mayafina. Zan juyo in yi miki tsawa, zan ce ban san ki ba, wataƙila har in kira 'yan sanda. Kada ki saki.

Yayarki,
Nana A'isha